James Parkinson (1755–1824): Likitan da Ya Nazarci Cuta a Bakin Titi

An haifi James Parkinson a unguwar Hoxton ta birnin Landan a 1755, ya kuma gaji mahaifinsa a sana'ar likitanci. Mutanen zamaninsa sun fi saninsa da rubuce-rubucen siyasa da nazarin burbushin halittun da suka daskare cikin duwatsu.

Abin da ya wanzar da sunansa shi ne ɗan littafin da ya wallafa a 1817 game da mutum shida, waɗanda uku daga cikinsu a titi kawai ya gan su. Ya lura cewa hannun mai cutar yakan yi karkarwa ne a lokacin da yake ajiye, ba da nufin mai shi ba, alhali tafiyar da ya yi niyya tana neman gagararsa: jiki ya ranƙwafa gaba, taku ya gajarce yana ƙara sauri, kamar zai kifa.

Parkinson ya zaci tushen cutar yana saman laka. A nan ya kuskure, domin sai a ƙarni na 20 aka gano cewa mutuwar ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin a can cikin ƙwaƙwalwa ce sanadi. Likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, ne ya raɗa wa cutar sunansa, shekaru da dama bayan rasuwarsa a 1824.