LIKITAN DA YA ƘI RABUWA DA YARANSA

Ran 27 ga Janairu ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2005 don tunawa da Yahudawa miliyan 6 da gwamnatin Hitila ta hallaka. A ganina, in ka faɗa wa yaron firamare a Zuba ko Gwagwalada miliyan 6, lissafi kurum ka ba shi. Ni labarin mutum ɗaya nake ba su, watau Yanush Korcak.

An haife shi a Warso, babban birnin Folan, wajen 1878. Likitan yara ne, amma a 1912 ya koma riƙon gidan marayun Yahudawa, shi da wata mata, Stefaniya Wilcinska. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ya tsara gidan. Yara suna da majalisarsu, da jaridarsu, da kotunsu. Yara ne alƙalai, kowa kuwa ana iya kai ƙararsa, har malamai. Shi kansa Likita ya sha gurfana gabansu. To, mu da ke shiga aji da bulala a hannu, wa zai yarda da wannan?

Jamus ta mamaye Folan a 1939. A 1940 aka tattara Yahudawan Warso cikin unguwa guda, aka kewaye ta da katanga. Yunwa da zazzaɓi suka yi ta kashe mutane. Tsohon nan ya riƙa bin gida gida da buhu yana roƙa wa marayunsa abinci. Abokansa na waje suka nema masa hanyar tsira, ya ƙi.

Farkon Agusta 1942 soja suka zo. Ya jera yara wajen 200, ya bi da su titi har tashar jirgin ƙasa, Stefaniya na tare da su. Aka kai su Tirebilinka, ba wanda ya komo.

Yaya muka sani? Littafin da yake rubutawa da dare ya faɗa hannun wani abokinsa, aka ɓoye shi, aka buga a 1958. Tsofaffin yaransa da suka bar gidan kafin yaƙi kuma sun ba da labari har tsufansu. A Tirebilinka yau an kafa duwatsu 17,000, waɗansu da sunayen garuruwan da aka kwaso mutane. An sassaƙa sunansa a kan guda, tare da yaran.