Isma'il al-Jazari: Maƙerin fada da ya sa ƙarfe aiki da kansa shekara 800 da suka wuce

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon masana'antar haɗa motoci a Japan ko Jamus ya san abin da ake kira mutum-mutumin masana'anta. Dogon hannu ne na ƙarfe, ya ɗaga ƙofar mota, ya yi walda, ya fesa fenti, dare da rana ba hutu. Ƙungiyar IFR mai sa ido kan wannan harka a duniya ta ce a shekarar 2023 irin waɗannan injuna sama da miliyan 4 ke aiki a masana'antu, kuma a shekarar kaɗai an girka sababbi fiye da dubu 500, fiye da rabinsu a ƙasar Sin. To, in ana ba da tarihin injin da ke aiki da kansa, akwai wani Musulmi da ba a tsallake sunansa, shi ne Isma'il al-Jazari.

Asalinsa da zamaninsa

Cikakken sunansa Badi'uz Zaman Abul Izzi Isma'il ɗan Razzaz al-Jazari. Badi'uz Zaman laƙabi ne, ma'anarsa gwanin da babu kamarsa a zamaninsa. Al-Jazari kuwa jingina ce ga Jazira, ƙasar da ke tsakanin kogin Dijla da na Furatu ta wajen arewa, wadda yau ta rabu tsakanin Turkiyya da Siriya da Iraƙi. Masana tarihi na sanya haihuwarsa a shekarar 1136.

Zamani ne na yaƙe-yaƙe. Mayaƙan Turai masu ɗauke da gicciye na riƙe da wasu garuruwan Sham, sarakunan Musulmi kuma na ta ja-in-ja a tsakaninsu. A yankin su al-Jazari, wani gidan sarautar Turkawa da ake kira Artuƙawa ke mulki. A 1183 Salahuddin al-Ayyubi ya ci garin Amid, wanda yau ake kira Diyarbakir, ya damƙa shi ga sarkin Artuƙawa Nuruddin Muhammad. A wannan gidan al-Jazari ya yi aiki. Ya fara da Nuruddin, ya ci gaba da ɗansa Ƙuɗubuddin Sukman, sannan da ɗan'uwan wannan, Nasiruddin Mahmud. Lokacin da ya rubuta littafinsa, ya riga ya cika shekara 25 yana yi wa gidan hidima a matsayin babban maƙerin fada.

Ya yi karatu, ya san lissafi, amma mutumin maƙera ne. Yana narka tagulla, yana fafe katako, yana gwada abu ya lalace ya sake. Ya karanta ayyukan magabata, kamar 'yan'uwan nan uku na Bagadaza da ake kira Banu Musa, waɗanda suka rubuta littafin dabaru kusan ɗari a ƙarni na 9, da wani littafin agogon ruwa da ake danganta wa Arkimidis na Girka. Ba ya ɓoye inda ya ɗauko abu. Yakan ambaci mai shi, ya faɗi inda dabarar ta gaza da ya gwada ta, sannan ya nuna gyaran da ya yi.

Yadda aka yi littafin

Sarki Nasiruddin ne sanadi. Wata rana al-Jazari ya kawo masa wani abu da ya ƙera, sarkin ya duba ya yaba, sannan ya umarce shi da ya tattara ayyukansa a littafi ɗaya tare da zane, don kada wahalar da ya sha ta tafi a banza. Ya kammala a 1206, daidai da 602 bayan Hijira. An fi sanin littafin da Kitab fi Ma'arifatil Hiyalil Handasiyya, wato littafin sanin dabarun ƙere-ƙere.

A ciki akwai na'urori 50, ya kasa su gida shida: agogon ruwa da na kyandir guda 10, kwanukan sha na zaman fada 10, butoci da tasoshin wanke hannu da na awon jini 10, maɓuɓɓugan ruwa na ado da sarewa mai busa kanta 10, injunan ɗaga ruwa 5, sai wasu 5 na daban, ciki har da ƙofar fadar Amid ta tagulla da akwati mai makullin sirri da ba ya buɗuwa sai an jera haruffan Larabci daidai.

Abin da ya ɗaukaka littafin shi ne yadda aka rubuta shi. Kowace na'ura ya faɗi kamanninta, ya bi sassanta ɗaya bayan ɗaya da awonsu, ya zana su, ya sa wa kowane sashe alama, ya faɗi yadda za a haɗa. Har ƙananan sirrin sana'a bai riƙe ba: yadda ake manna katako falle-falle don kada ya kantare, yadda ake daidaita nauyin ƙafar inji kafin a ɗora ta, yadda ake fara gwada siffa da takarda, yadda ake goge murfin bututu da mazauninsa tare har su zauna ɗas ruwa bai ɗiga ba, da yadda ake zuba narkakken ƙarfe a akwatin yashi.

Agogon giwa da agogon fada

Mafi shahara a ayyukansa shi ne agogon giwa. Giwa ce ta ƙarfe, a bayanta hasumiya, a wuyanta mai tuƙa ta. A cikin cikinta akwai tankin ruwa, a kan ruwan kwano mai ƙaramin huji a gindi. Ruwa na shiga kwanon a hankali har ya nutse cikin rabin awa. Da ya nutse sai ya ja igiya, igiyar ta saki ƙwallon ƙarfe daga saman hasumiya, ƙwallon ya fito ta bakin shaho ya faɗa bakin maciji, nauyinsa ya sunkuyar da macijin, sunkuyawar ta janyo kwanon sama ya zubar da ruwansa. Mai tuƙa giwa ya buga, jama'a su san rabin awa ta cika, aiki ya sake daga farko. Ka ga inji ke nan da ke kammala zagayensa ya mayar da kansa mafari, muddin akwai ƙwallaye a sama.

Agogon fada ya fi shi girma, tsayinsa ya haura mita 3. Yana da ƙofofi 12 da ke buɗewa awa bayan awa, da shaho biyu masu sakin ƙwallo, da makaɗa biyar masu ganguna da ƙaho da kuge. A lokacin ana raba yini gida 12 daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, don haka awar bazara ta fi ta hunturu tsawo. Al-Jazari ya yi wa agogon wani faifai da ake juyawa kullum don ruwan ya riƙa fita da sauri ko a hankali gwargwadon tsawon yinin.

A nan ne babbar dabarar take. Kowa ya san ruwan tanki ya fi fita da ƙarfi idan tankin na cike, ya rage idan ya yi ƙasa, agogo kuwa ba ya son haka. Sai aka sa ƙaramin ɗaki tsakanin tanki da mafita, da abin da ke yawo a kan ruwa mai toshe bakin bututu. Ruwa ya hau, ya toshe. Ruwa ya sauka, ya buɗe. Irin abin nan ne da ke cikin tankin bayan gida na zamani. Inji ya auna halin da yake ciki ya gyara kansa ba tare da hannun mutum ba, kuma a kan wannan ƙa'ida dukkan masana'antu masu sarrafa kansu suke tafiya yau, sai dai yanzu lantarki da kwamfuta ke yin awon.

Daga alwalar sarki zuwa ban ruwa

Cikin kayan wanke hannu akwai mutum-mutumin hadimi da ke zuba wa sarki ruwan alwala daga buta, tsuntsun da ke kan butar ya yi fito, idan ruwa ya ƙare ya miƙo tawul. Akwai tasa mai ɗawisu, ruwa na fita ta bakinsa, wani ɗan mutum-mutumi ya fito da abin wanke hannu, wani ya biyo da tawul. Akwai kuma tasar awon jini don masu tsaga jijiya, aiki irin na wanzamai, inda mutum-mutumin magatakarda ke nuna yawan jinin da aka ɗiba, kada a wuce kima.

Ya kuma ƙera jirgin ruwa ɗauke da makaɗa huɗu. A ƙarƙashinsu akwai sanda mai juyawa da aka kafa wa turaku, kowane turke ya zo wucewa sai ya taɓa hannun makaɗi ya buga. Wasu masana na zamani sun nuna cewa in aka sauya wa turakun wuri, kiɗan ma zai sauya, shi ya sa suke ganin a nan akwai tushen tsara wa inji aikin da zai yi.

Wani zai ce ai duk wannan wasan fada ne. Injunan ɗaga ruwa su ne amsar. Mafi muhimmanci a cikinsu famfo ne mai bututu biyu da ruwan kogi ke juyawa. Juyawar ƙafar injin na komawa turi da ja, bututu ɗaya na zuƙo ruwa yayin da ɗayan ke tura shi sama, ruwa na fita ba yankewa. Mayar da juyi ya zama kai-da-komo, ko akasin haka, shi ne zuciyar injin mota da janareto da injin niƙa. Duk bakanike ya san wannan da hannunsa ko da bai taɓa jin sunan al-Jazari ba.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Ana sanya rasuwarsa a 1206, shekarar da ya gama littafin. A garin Cizre na Turkiyya akwai kabarin da mutanen wurin ke danganta masa. Kwafin littafin mafi daɗewa, wanda aka rubuta a shekarar, yana ɗakin karatu na fadar Topkapi a Istanbul. An ci gaba da kwafe shi ɗaruruwan shekaru, kuma shafin agogon giwa na wani kwafin 1315 yana gidan tarihi na Metropolitan a New York. Injiniya ɗan Ingila Donald Hill ya fassara shi zuwa Turanci a 1974, a 1976 kuma aka bi bayaninsa aka sake ƙera agogon fada a Landan. Akwai babban agogon giwa a kasuwar zamani ta Ibn Battuta a Dubai.

Wasu na kiransa uban mutum-mutumi. Gaskiyar magana, hannun ƙarfen masana'anta ta wata hanya ya zo. Ba'amurke George Devol ne ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1954, ya haɗa kai da Joseph Engelberger, a 1961 injinsu mai suna Unimate ya fara ɗaga ƙarfe mai zafi a masana'antar General Motors da ke New Jersey. Kamfanin Kawasaki ya kai fasahar Japan a ƙarshen shekarun 1960. Yau FANUC da Yaskawa da ABB da KUKA na cikin manyan kasuwar, Koriya ta Kudu na da sama da mutum-mutumi 1,000 ga kowane ma'aikacin masana'anta 10,000, kuma sababbin injuna na da kyamara da ƙirƙirarriyar basira, wasu ma kafaɗa da kafaɗa suke aiki da mutane. Amma tambayoyin da injiniyoyinsu ke amsawa su ne waɗanda al-Jazari ya zauna da su a maƙerarsa: yaya inji zai bi matakai a jere, yaya zai auna kansa, yaya zai maimaita aiki ba kuskure.

Abin lura a nan, babu ko ɗaya daga injunan da ya ƙera da hannunsa da ake nunawa yau, daular Artuƙawa ma ta shuɗe. Littafin ne ya tsira, kuma da shi aka tayar da agogonsa bayan shekara 770. A zangunanmu da garejojinmu akwai maƙera da kanikawa da masu walda da ke gyara injin da ko mai kamfanin ya fid da rai da shi, amma sau da yawa in maigida ya kwanta dama, rabin saninsa ya bi shi kabari, yaran shago su fara daga tushe. Kasuwar injuna masu sarrafa kansu na ƙara faɗi, kuma wanda ya iya girka su da gyara su shi zai ci abinci a cikinta. Yaron da ke makarantar boko da allo ya leƙa shagon babansa da takarda da biro, ya auna, ya zana, ya rubuta. Abin da Nasiruddin ya nema a wurin maƙerinsa ke nan.

Allah Ya jiƙan Isma'il al-Jazari, Ya sa ilimin da ya bari ya zama sadaka mai gudana.