Vaugelas, wanda ya sa wa qui iyaka

An haifi Claude Favre de Vaugelas a shekarar 1585 a garin Meximieux, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Savoie. Mahaifinsa, Antoine Favre, babban masanin shari'a ne, amma ɗan ya nufi Paris, ya shiga hidimar Gaston d'Orléans, ƙanen sarki Louis XIII. Zaman fada bai ba shi dukiya ba. Kunne ya ba shi. Yana cikin mambobin farko na Académie française, kuma shi aka ɗora wa aikin ƙamusunta.

A 1647 ya fitar da Remarques sur la langue française. Bai ɗauki kansa mai kafa doka ba, sai mai shaidar yadda ake magana, sai dai maganar da ya yarda da ita ta zaɓaɓɓun fadawa ce da manyan marubuta. Bakin talaka bai shiga lissafi ba.

A kan wakilan suna irin su qui da lequel ne tasirinsa ya fi daɗewa. Ya ce bayan préposition a keɓe qui ga mutane, shi ya sa har yau ake koya mana la femme à qui je parle amma la natte sur laquelle je dors. Ya kuma hana qui komawa ga sunan da ba shi da article: a ce avec une colère qui effraie, kada a ce avec colère qui effraie. A 1660 Arnauld da Lancelot, a nahawun Port-Royal, suka nuna dokar tana da ɓaraka, don il n'y a pas d'élève qui l'ignore daidai ne. Abin da ake bukata, a ganinsu, shi ne sunan ya zama ƙayyadadde. Sun fi shi gaskiya, kuma mai jin Hausa zai gane da sauri, tunda mu ma sai mun liƙa -n ko -r mu ce yaron da ya zo, yarinyar da ta zo.

Vaugelas ya rasu a Paris a 1650, bashi ya yi masa katutu, har masu binsa suka ƙwace takardunsa, ciki har da na ƙamus. Fassararsa ta tarihin Iskandari na Quinte-Curce, wadda ya shafe kusan shekara 30 yana gogewa, ta fito a 1653. Ƙamusun kuwa sai a 1694.