Likita Stirrett, Bature Mai Magani

'Yan'uwa masu bi, ku da ke noman dawa da riɗi a Gedambaliya da kewayen Gadarif, ga labarin wani bawan Allah wanda ya ƙaunaci Hausawa har ranar mutuwarsa.

An haifi Andrew Stirrett a ƙasar Kanada a shekara ta 1865. Mai sayad da magani ne a birnin Toronto, kasuwa kuwa ta karɓe shi. Ana nan sai ya karanta wata 'yar takarda da Rowland Bingham ya rubuta a kan ƙasar Sudan. A zamanin nan Turawa suna kiran dukan ƙasar baƙar fata daga Kwara har Nilu da wannan suna, watau da ƙasar kakanninmu da wadda ku ke zaune ciki yanzu.

Ba abin marmari ba ne a lokacin. Mutum uku na Mishan ɗin S.I.M. sun sauka Ikko a 1893, kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida. Stirrett ya san wannan sarai. Duk da haka ya ba da dukiyarsa domin aikin Bishara, ya tashi ya iso Patigi ta ƙasar Nufe a 1902, yana da shekara 37. Da shekarun nan mutane su kan fara neman hutawa ne, shi kuwa a nan ya fara koyon Hausa.

Zazzaɓi shi ne ya yi ta kashe na farko. Likita ya dage kowane ma'aikaci ya sha kwinin kowace rana, ta haka kuwa rayuka da yawa suka tsira. Bai raba maganin jiki da wa'azi ba. Mai gyambo da mai ciwon ido sun sami hannunsa, ko sun karɓi maganarsa ko sun ƙi, domin haka talakawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. A ganina wannan suna ya fi kowace lambar girma da sarakuna ke bayarwa, gama waɗanda suka sha maganin su suka raɗa shi.

Yana cikin waɗanda suka yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, tare da Likita Miller na Zariya da waɗansu, aka buga shi cikakke a 1932. Ya kuma shirya waƙoƙin sujada da Hausa.

Bai yi aure ba. Da tsufa ya kama shi yana zaune a Jos, bai bar fita kasuwa da yamma ba, ya tsaya cikin fatake da 'yan kwadagon kuza yana wa'azi da harshenmu. Masu ji sun yi yawa, masu tuba kaɗan ne, amma kashegari sai a sāke ganinsa a wurin. Ya rasu a Jos a 1948, bayan shekara 46 cikin aikin.