Gregor Mendel, Mai Lambun Wake

Dukanmu mun san manomi ba ya zaɓen iri da gaggawa, gama abin da mutum ya shuka shi zai girba. A wannan wata za mu ba da labarin wani mutum wanda zaɓen irin wake ya kai shi ga ilimin da likitoci da manoma su ke amfani da shi har wa yau.

An haifi Mendel cikin shekara ta 1822 a wani ƙauye na mulkin Ostiriya, inda a ke kira ƙasar Cek yanzu. Ubansa ƙaramin manomi ne, shi ya koya masa aikin lambu. Kuɗin makaranta ya gagare su, har ƙanwarsa ta ba shi daga cikin dukiyar aurenta. Bai manta da alherin nan ba, gama daga baya shi ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza.

Cikin 1843 ya shiga gidan zuhudu na Katolika a birnin Brno, aka naɗa shi firist cikin 1847. Sau biyu ya yi jarrabawar malanta, sau biyu bai ci ba. Amma bai fid da zuciya ba, sai ya koma ga lambun gidan.

Ya samo iri 34 na waken Turawa, watau ɗan waken nan da a ke cin ƙwayarsa tun tana kore. Bai fara gwaji nan da nan ba. Shekara biyu yana shuka su yana dubawa, ko kowane iri zai haifi kamarsa. Sa'an nan ya zaɓi 22 waɗanda ba su sāke ba. Ya zaɓi waken nan domin furensa a rufe ya ke, kowane fure yana barbarar kansa, ƙwari kuwa ba safai su kan gauraya shi ba. Ya sa ido kan alamu bakwai masu sauƙin ganewa, kamar su tsawon kara, da launin ƙwaya, da ko ƙwayar sumul ce ko mai tamoji.

Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka wake wajen 28,000. Ya kan buɗe fure da hantsaki, ya cire sashen namiji, ya sa masa garin furen wani iri. Da ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan duka suka fito dogaye, sai ka ce gajartar ta ɓace. Amma da ya shuka ƙwayar waɗannan, sai ga dogaye 787 da gajeru 277, watau kusan uku ga ɗaya. Haka ya samu cikin dukan alamun bakwai. Da haka ya gane gado ba ya narkewa kamar gishiri a miya. Kowace shuka tana karɓar rabo ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, wani rabon kuwa ya kan ɓuya, sa'an nan ya bayyana a jikoki.

Ya karanta sakamakon a gaban masana na Brno cikin 1865, aka buga shi cikin 1866, amma kusan ba wanda ya kula. Cikin 1868 aka zaɓe shi shugaban gidan, hidima ta cinye lokacinsa. Ya rasu ran 6 ga Janairu, 1884. Sai cikin 1900 waɗansu masana uku suka gano darajar aikinsa.

Mai lambu yana da abin koyo a nan. In ka sayi irin da aka haɗa daga iri biyu, zai yi kyau shekarar fari, amma in ka ajiye ƙwayarsa don baɗi, za ta fito a gauraye. Irin da ya daɗe yana haifar kamarsa, shi ne na ajiya. Mu duka kuwa, bari mu tuna da mutumin nan da ya yi aminci cikin ƙaramin aiki, ko da ya ke bai ga yabon mutane da idonsa ba.