Outel Bono, likitan Fort-Lamy

An haifi Outel Bono a ƙasar Cadi a shekara ta 1934. A wancan zamani Cadi tana hannun Faransa, birnin Njamena kuma Fort-Lamy ake ce masa. Tun yana yaro aka kai shi Faransa makaranta. Ya yi ta karatu har ya gama koyon aikin likita a birnin Tuluz. Yana cikin 'yan Cadi na farko da suka zama cikakkun likitoci.

Cadi ta samu mulkin kai ran 11 ga watan Agusta 1960. Bayan shekara biyu Bono ya komo gida, ya kama aiki a asibitin Fort-Lamy.

Aiki kuwa ba ya ƙarewa. Likitoci kaɗan ne, yawancinsu Turawa. Da damina sauro yakan cika unguwannin bakin kogin Shari, zazzaɓi ya kwantar da yara. Da rani, in iska mai ƙura ta taso, sai sanƙarau. Ga ƙyanda, ga zawo saboda shan ruwa marar tsabta. Sau da yawa akan bar yaro kwance a gida kwana da kwanaki, sai ciwo ya ci ƙarfinsa a ɗauko shi zuwa asibiti. Wani ya warke, wani kuwa an makara.

Bono mutum ne da ba ya ganin ɓarna ya yi shiru. A 1963 gwamnatin shugaba Tombalbaye ta kama shi, aka ce yana shirin juyin mulki, aka yanke masa hukuncin kisa. Mutane da yawa a Faransa suka yi ta kuka, sai aka sassauta hukuncin. A 1965 aka sake shi. Ya koma duba marasa lafiya, har ya zama darektan kiwon lafiya na ƙasa. A 1969 aka sāke tsare shi na ɗan lokaci.

A 1972 ya tafi Paris, ya soma shirin kafa sabuwar jam'iyya. Ran 26 ga watan Agusta 1973 wani mutum ya harbe shi cikin motarsa, ya rasu. Bai kai shekara arba'in ba. Ba a hukunta kowa a kan kisan ba.

A wannan shekara ce aka canja wa Fort-Lamy suna, ta zama Njamena.