Marigayi Malam Sa'adu Zungur

Ɗan Bauchi ne, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya zarce Yaba. A 1943 shi da Malam Aminu Kano, malami a Midil ta Bauchi, suka riƙa tuhumar mulkin En'e a zauren muhawara, ba sanda ba gora, sai baki da alƙalami.

To amma yau in ana labarin gwagwarmayar talakawa, daga Kano ake farawa, kamar NEPU daga sama ta faɗo a 1950. Mun ga Amurkawa suna cacar baki kan fim ɗin Selma na 2014, na macin lumanar Martin Luther King, wai an tauye Shugaba Johnson. Mu kuwa an tauye Malam, shiru kake ji.

Ya daɗe yana fama da ciwon huhu, ya rasu a 1958. Allah ya jiƙansa.